Buɗaɗɗiyar wasiƙa ta Yunin 2020 zuwa ga Magajin Garin New York: a buɗe wa yaran Bronx wuraren ninƙaya

Zuwa ga Magajin Gari Bill de Blasio, da kwamishinan wuraren shaƙatawa Mitchell Silver, da kansilolinmu na Bronx.

Ranka ya daɗe barka da aiki, ya ƙoƙari, ya kuma haƙurin mutanen da birnin nan ya rasa a annobar korona. Allah ya ba iyalansu dangana. Nasan baka jin Hausa, kuma Hausa bata cikin harsuna 10 da doka ta ce ofisoshinku su riƙa fassara takardu a ciki, toh amma wannan ba matsala bace, yaranmu da aka haifa anan zasu juya maka ita tsaf. Na rubuta da Hausa ne saboda ina so iyayen dake Morrisania da Highbridge da Tremont, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Kumasi da Accra, su ma su karanta su san abinda ake ciki, don maganar ta 'ya'yansu ce.

Jiya Juma'a 26 ga Yuni aka kammala shekarar karatu, in ma za a kira zaman da yara sukayi gaban kwamfuta tun watan Maris da sunan karatu. A al'adar garin nan da an rufe makaranta sai a buɗe wuraren ninƙaya na waje guda 53 da hukumar wuraren shaƙatawa ke kula dasu, kyauta, ba ko sisi, daga 11 na safe zuwa 7 na yamma har farkon Satumba. Bana duk a garƙame suke, ko ruwa ba'a zuba ba. Abinda nake roƙo shi ne ka sake shawara kafin a rattaba hannu kan kasafin kuɗi ranar 30 ga wata, don in aka wuce ranar babu kuɗin a ciki toh shikenan zancen ya mutu sai baɗi.

Kada a ɗauka ina cikin masu cewa korona ƙarya ce. Mu a Bronx ba labari aka bamu ba. Duk cikin yankuna biyar na birnin nan babu inda cutar ta fi kisa in aka duba yawan jama'a kamar nan, kuma mutanenmu sune direbobin tasi, sune masu jinyar tsofaffi gida gida, sune masu kai saƙon abinci a keke lokacin da kowa ya kulle ƙofa. Munyi azumi babu tarawihi a masallaci, munyi ƙaramar sallah a falo, anyi jana'izar da mutum goma ma basu samu halarta ba, wani ko wankan gawar ɗan'uwansa bai samu yi ba. A watan Afrilu jiniyar motar asibiti bata yankewa dare da rana. Birnin nan ya binne sama da mutum 20,000. Saboda haka lokacin da ka ce a watan Afrilu ba za a buɗe wuraren ninƙaya ba babu wanda ya ɗaga murya a cikinmu, wa ke ta iyo a lokacin, kowa ta ransa yake.

Sai dai akwai abinda ya kamata a faɗa a fili. Wannan sanarwa ba daga bakin likitoci ta fito ba, a cikin jawabin kasafin kuɗi ta fito ranar 16 ga Afrilu, a jerin abubuwan da za a yanke don a rage kashe kuɗi, kuma an rubuta adadin ƙarara, dala miliyan 12. Kasafin da ka gabatar a ranar ya haura dala biliyan 89. Duk wanda ya iya lissafin kasuwa zai gaya maka a cikin kowace dala 10,000 da birnin zai kashe, dala ɗaya da 'yan canji ce rabon wuraren ninƙayar nan gaba ɗayansu. Na sani aljihun gwamnati ya huje, da farko ka ce an yi asarar harajin biliyan 7.4 daga baya ka ce ta kai biliyan 9, ba wanda ya musa. Amma hukumar 'yan sanda ita kaɗai tana cin kusan biliyan 6 a shekara, kuma tun bayan kisan George Floyd mutane ke kan titi suna cewa a zabge biliyan ɗaya daga ciki, kai da kanka ka ce za a karkatar da wani abu zuwa hidimar matasa. Toh ga hidimar matasa nan a gabanka ranka ya daɗe, an riga an gina ta da siminti, ruwa kawai take jira da ma'aikata.

In kuma har yanzu hujjar lafiya ce, toh a zo a duba abinda ya canja daga Afrilu zuwa yau. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ce babu shaidar cewa cutar na yaɗuwa ta ruwan wurin ninƙaya, in dai ana zuba kilorin yadda ya kamata yana kashe ƙwayar. Gwamnan jiharmu Cuomo tun 11 ga Yuni ya ce kowace ƙaramar hukuma tana da damar buɗe nata in ta ga dama. Cikin waɗanda ake gwadawa a birnin nan yanzu kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne kawai ake samu da ita. Ranar 22 ga wata aka buɗe shagunan aski da filayen wasan yara, gidajen abinci suka baza tebura a bakin titi mutane na zaune suna ci suna hira babu takunkumi. Kai kanka ka sanar za a fara iyo a bakin teku ranar 1 ga Yuli. Toh dan Allah a fahimtar dani, wanzami zai tsaya a kan mutum rabin awa a ɗaki rufe yana masa numfashi a ƙeya, wannan ya halatta, amma yaro ya shiga ruwa mai magani a fili ƙarƙashin rana wannan ne haɗari?

Za a ce ai ga bakin teku nan an buɗe, ku je can. Bakin ruwa ɗaya tak Bronx ke dashi na gwamnati, Orchard Beach, can ƙurya a Pelham Bay. Uwa mai yara uku daga titin 170 sai ta hau jirgin ƙasa ta canja ta kai ƙarshen layin 6 sannan ta jira bas, da kaya da abinci da goyo, wato mun cire yara daga wurin da zasu taka da ƙafa su je mun cusa su cikin jirgi da bas, inda cunkoson yake na gaske. Maƙwabtanmu kuwa na Long Island da Westchester tun a watan Mayu suka ce nasu bakin ruwan na 'yan gida ne kawai, ɗan birni kada ya zo. Masu hali kam tun Maris suka tattara suka koma gidajensu na Hamptons, wasu da wurin ninƙayarsu a bayan gida, su wannan gardamar ko a jikinsu. A 2013 da kake neman ƙuri'a kai ne ka ringa cewa New York birni biyu ne, na masu shi da na marasa shi. Ban taɓa ganin maganarka ta fito fili ba kamar wannan bazarar.

Yanzu ga ainihin abinda ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu. Kuna lissafi kamar zaɓi biyu ne, ko yara su shiga ruwa ko su zauna a gida lafiya. Wallahi ba haka bane. Yaro ɗan shekara 13 da ya shafe wata uku a kulle a bene hawa na biyar, ɗaki biyu mutum bakwai, fanka ɗaya tana juya iska mai zafi, ranar da zafi ya kai 95 a ma'aunin nan naku na Fahrenheit zai shiga ruwa, da izininka ko babu, da izinin ubansa ko babu. Abinda ke hannunka kawai shi ne wane ruwa zai shiga. Mu da muka tashi a Arewa mun san wannan tun muna yara, duk damina sai an yi mana kashedi kan kududdufi, a yi duka a yi tsawa liman ya yi wa'azi, kuma duk damina sai an tsamo gawar yaro, don hani bai taɓa raba yaro da ruwa ba. Anan kududdufinku shi ne kogin Bronx da kogin Harlem da bakin teku bayan masu ceto sun tashi. A watan Yunin 2014 yara biyu 'yan uwan juna masu shekara 13 suka nutse a kogin Bronx wajen Starlight Park, a shekarar da babu annoba babu kulle. Bana tun kafin Mayu ya ƙare wani saurayi ya nutse a Rockaway lokacin da aka hana iyo kuma babu mai ceto ko ɗaya a bakin aiki. Kogin Harlem in ka kalle shi daga kan gada kamar a kwance yake, amma ruwan teku ne ke shiga yana fita, yana da ja a ƙasa, babba ma da ya iya ruwa sai ya yi da gaske.

Kuma yaran namu sune basu iya ba. Binciken da gidauniyar USA Swimming ta fitar a 2017 ya nuna kashi 64 cikin 100 na yaran baƙar fata ko dai basu iya iyo sam ba ko kuma ɗan kaɗan suka iya, na Latino kashi 45, na farare kashi 40. CDC ta taɓa fitar da cewa baƙaƙen yara 'yan shekara 11 zuwa 12 suna nutsewa a wuraren ninƙaya ninki 10 na farare sa'o'insu. Ina yaron Bronx zai koya in ba a wuraren ninƙaya na Crotona ko Claremont ko Mullaly ba, inda ake koyarwa kyauta? Ubansa direban tasi da ya yi wata uku babu fasinja ba zai biya masa kuɗin kulob ba. Shekara ɗaya da aka tsallake, dubban yara ne zasu ƙara girma basu iya ba, kuma ƙarfin halinsu na ƙaruwa ne ba raguwa ba.

Ka zo unguwarmu da la'asar ka ga abinda ya maye gurbin wuraren da ka rufe. Wani zai zo da babbar sifana ya kwance famfon 'yan kwana-kwana, ruwa ya yi tsiri har tsakiyar titi, sai wani yaro ya samo gwangwanin da aka fasa gindinsa ya tare bakin famfon da shi yana saita ruwan kan motoci, ƙananan kuma suna tsallaka titi a guje ido a rufe saboda feshi, direba baya ganinsu su ma basa ganinsa. Ni da nake tuƙi nasan yadda gabana ke faɗuwa in na shigo irin wannan layin, sai na rufe gilashi na dawo tafiyar ƙafa ina salati. Famfo ɗaya in an buɗe shi haka yana zubar da galan 1,000 a minti ɗaya, ruwa ya yi rauni a benaye, in gobara ta tashi a layin sai Allah. Nasan akwai murfin feshi da babba zai iya karɓowa kyauta a ofishin kwana-kwana mai rage shi zuwa galan 25, nasan kuma kun ce za ku ƙara wuraren feshi a filayen wasa, kun kuma ware dala miliyan 55 don raba wa tsofaffi marasa ƙarfi na'urar sanyaya ɗaki 74,000. Wannan na ƙarshen kam an gode, tsakani da Allah aiki ne mai kyau, akwai tsohuwa a beninmu da aka saka mata kuma tana ta sa albarka. Amma feshi na 'yan shekara biyar ne. Saurayi ɗan 15 ba zai tsaya ƙarƙashin feshi da ƙannensa ba, kuma ba'a koyon iyo a feshi.

Af, ga kuma wasan wutan nan da ake ta harbawa kowane dare har asuba wanda ya hana kowa barci har ka kafa masa kwamiti na musamman. Ban ce duk yara ne ba, amma an rufe makaranta, an soke shirin aikin bazara da ke ɗaukar matasa 75,000, an rufe wurin iyo, toh me ake so su yi da ƙarfin da Allah ya basu?

Bazan ɓoye ba, a cikinmu ma akwai masu ganin a bar su a rufe, kuma ba shirme suke faɗa ba. Wani dattijo da muke sallah tare ya ce min shi tsoronsa ba ruwan bane, jikansa ne zai je ya cakuɗu da yara ya kwaso ya kawo masa gida, ga shi da ciwon suga ga hawan jini, kuma irin gidajenmu kaka da jika ɗaki ɗaya suke kwana. Gaskiyarsa. Duk wanda ya taɓa kai yara Crotona ranar zafi ya san inda matsalar take. Layi ne tun kafin 11 ya zagaye katanga, kafaɗa da kafaɗa, a bakin ƙofa ma'aikaci sai ya ga kwaɗonka, sai ya duba kayan wankanka, in rigar da zaka sa a bakin ruwa ba fara bace a maido ka, waya ma ba'a shiga da ita, daga nan kowa ya dunguma ɗakin canja kaya inda ake gogayya wajen loka ga tururi ga hayaniya. Nan ne cutar zata samu abinda take so, ba cikin ruwa ba.

Toh amma wannan ai matsalar tsari ce, kuma tsari aikinku ne. A rage yawan masu shiga zuwa rabi ko ma ƙasa da haka kamar yadda jiha ta yi a nata bakin ruwan. A raba yini kashi kashi, waɗannan su yi awa biyu su fita a goge wuri wasu su shigo, dama can kuna rufewa daga 3 zuwa 4 don shara, ƙari ne kawai za'a yi. A raba kati ko abin ɗaurawa a hannu da safe mai ɗauke da lokacin mutum don kada a yini a layi, kuma dan Allah kada a ce sai ta intanet za'a yi rajista, don in akayi haka waɗanda suka fi buƙata sune zasu rasa, iyaye da yawa anan basu iya cike fom a waya ba. Yara su zo da kayan wankansu a jiki daga gida, a fito da wurin ajiye kaya waje, a sa takunkumi a layi da bakin ruwa a cire in za'a shiga. A shata ƙasa da fenti kamar yadda akayi a gaban kowane kanti. In alƙaluma suka fara hawa a rufe, babu wanda zai ce don me, mun ga abinda ke faruwa a Florida da Texas da Arizona a makon nan kuma ba ma fatan komawa Afrilu. Shi kuwa jikan dattijon nan ko an buɗe ko ba'a buɗe ba yana waje tare da abokansa, gara a wurin da akwai babba mai usur a baki yana cewa ku ja baya.

Abinda ke ci min rai shi ne lokaci. Ba'a buɗe wurin ninƙaya da sanarwa kawai. Sai an wanke, an gyara injin tace ruwa, an cika, an gwada magani, ma'aikatan lafiya sun duba. Masu ceto kuma ba a titi ake tsintarsu ba, sai yaro ya kai 16, ya ci gwajin iyo na yadi 50 cikin daƙiƙa 35, sannan ya yi horo ya sake cin wata jarrabawar, kuma waɗanda ake dasu yanzu bakin teku zai kwashe. Da a ce tun ranar da gwamna ya bada dama kuka fara shiri da yanzu an yi nisa. Kowane mako da aka ƙara ana cewa ana dubawa, mako ne da aka cire daga bazarar da dududu bata fi sati goma ba. In aka yanke shawara yau ma da wuya a buɗe kafin ƙarshen Yuli, wajen babbar sallah kenan, in aka kai tsakiyar Yuli ana jan ƙafa kuwa sai a ce ai lokaci ya ƙure, kuma ina zargin wasu a ofishinku haka suke so ta kasance.

Ban ce lallai sai duka 53 ba. In kuɗi da ma'aikata basu kai ba a fara da manya, a kuma fara da unguwannin da suka fi zafi suka fi talauci suka fi binne mutane, hukumar lafiyarku tana da taswirar unguwannin da zafi ya fi yi wa illa kuma kudancin Bronx ya yi jawur a ciki, tare da Harlem da Brownsville. Crotona tsawonsa ya haura ƙafa 300, ko an raba mutane nesa nesa zai ɗauki jama'a. Mullaly na nan gefen filin Yankee a tsakiyar mutanenmu. Kada mu wayi gari mu ji an buɗe na unguwannin da ke da masu buga waya ofishinka an bar namu.

Kuma ka tuna yadda aka samu Crotona ɗin. A bazarar 1936 aka buɗe shi, ɗaya daga cikin manyan wurare 11 da Magajin Gari La Guardia da kwamishinansa na wuraren shaƙatawa Robert Moses suka buɗe a bazara guda da kuɗin gwamnatin tarayya, a tsakiyar karayar tattalin arzikin da Amurka bata taɓa ganin irinta ba, mutane na layin karɓar miya. A Yulin shekarar ne zafi ya kai 106 a Central Park wanda har yau ba'a karya ba. Su a cikin babu suka haƙa suka gina, da dalilin samar wa mutane aiki da kuma raba yara da kogunan da suke nutsewa a ciki. Kai ba'a ce ka gina ba, famfo kawai za'a kunna.

'Yan uwana iyaye kuma, kada mu tsaya a gunaguni a guruf ɗin WhatsApp. A kira 311, lambar kai koke ga hukumomin birni, suna da masu fassara, a kira ofishin kansila, mu na wannan yankin Vanessa Gibson ce, ita da sauran kansiloli da shugabansu Corey Johnson ne zasu kaɗa ƙuri'a kan kasafin nan. In Allah ya sa aka buɗe mu bi doka, wanda ke tari ko zazzaɓi ya zauna a gida, kada mu ba kowa hujjar sake rufewa. Kuma mu daina cewa iyo ba namu bane, a sa yara a ajin koyo maza da mata, mace ma ruwa baya tambayarta kafin ya ja ta.

Ranka ya daɗe, kafin ranar Talata 30 ga wata muna so mu ji abu uku daga bakinka, nawa aka maido cikin miliyan 12 ɗin, waɗanne wurare za'a buɗe da sunayensu, da kuma ranar da za'a buɗe kowanne.

Na gode, a huta lafiya.

Wani uba, direban tasi, mazaunin Morrisania a Bronx
Asabar 27 ga Yuni, 2020